Fashin Baƙi: Me Ake Saye Idan An Biya Kuɗin Shiga Zauren Koyon Harbi?

A Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, da wuya a sami magidancin da bai san ƙarar bindiga ba. Tun daga rikicin watan Yulin 2009 zuwa yau, birnin ya zama mazaunin dubban mutanen da ke ɗauke da makami da sanin hukuma: sojoji, 'yan sanda, jami'an Sibil Difens, da kuma 'yan sa-kai da mafarauta masu taimaka musu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar wurin da zai koyi harbi, ya kuma riƙa sabunta abin da ya koya. Wannan koyo yana cin kuɗi, ko gwamnati ce ta biya ko mutum ne da kansa.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, koyon harbi ya zama sana'a mai zaman kanta. Ana gina rufaffen zaure mai layuka a jere, mutum ya biya ya shiga, ya tsaya a layinsa ya harbi allon saiti. Duba yadda ake yanke farashi a irin waɗannan zauruka yana nuna abin da horo mai inganci yake ci, da kuma inda masu neman araha suke yanke kashe kuɗi. Mafi yawan abin da ake biya yana tafiya ne ga abubuwan da mai harbi ba ya gani da idonsa, kuma su ne ke tsare lafiyarsa da ransa.

Yadda ake lissafin kuɗin shiga

Farashin da zaure yake tallatawa yawanci kuɗin hayar layi ne kawai, ko na sa'a ɗaya ko na yini. A kan wannan ake ɗora sauran: hayar bindiga ga wanda bai zo da tasa ba, kuɗin harsasai, kuɗin takardar saiti, da hayar abin toshe kunne da gilashin kare ido. Wanda yake son malami ya tsaya a kansa zai biya wani kuɗin daban. Zauruka da yawa kuma suna gindaya sharaɗin cewa duk wanda ya yi hayar bindigarsu, a wurinsu zai sayi harsashi.

A ƙaddara wani zaure ya sa hayar layi dala 20 a sa'a, hayar bindiga dala 15, kwalin harsashi 50 kuma dala 20. Idan mutum ya harba kwali biyu, ya ƙara dala 5 na takardar saiti da kayan kariya, ya kashe dala 80 ke nan. Farashin da aka tallata masa kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da ya fita daga aljihunsa, rabin kuɗin kuma ya tafi ga harsashi. Idan aka ƙaddara dala ɗaya a kan naira 1,500, sa'a guda ta ci naira 120,000, wato fiye da mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a Najeriya a watan Yulin 2024.

Akwai kuma tsarin zama mamba, inda ake biyan kuɗin shekara a riƙa shiga ba tare da hayar layi ba. Lissafinsa ba shi da wuya. Idan kuɗin shekara dala 300 ne, hayar layi kuma dala 20, sai mutum ya je sau 15 kafin ya fanshe kuɗinsa. Wanda ke zuwa kowane mako ya ci riba. Wanda ke leƙawa sau ɗaya a wata biyu kuwa, zauren ne ya ci ribarsa.

Farashin harsashi shi ne abin da ya fi hawa da sauka. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an yi ƙarancin harsasai a Amurka, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, har wasu shaguna suka ƙayyade yawan kwalin da mutum ɗaya zai iya saya. A ƙasar akwai kuma haraji a cikin kuɗin: kashi 11 cikin 100 a kan harsasai da dogayen bindigogi, kashi 10 cikin 100 a kan ƙananan bindigogi. Wata doka ta 1937 da gyare-gyarenta sun tanadi a karkata wannan haraji ga kula da namun daji, da ilimantar da mafarauta, da gina filayen harbi na jama'a.

Iskar da ake biya wa kuɗi

Babban bambancin zaure da filin harbi na sarari shi ne iska. Duk lokacin da aka harba bindiga, ƙurar dalma tana tashi daga jikin harsashin da kuma sinadarin da ke kunna albarushinsa. A sarari iska tana kwashe ta. A rufaffen ɗaki kuwa tana taruwa, mai harbi ya shaƙa, ta kwanta a tufafinsa da takalmansa, ya kai ta gida wurin iyalinsa.

Arewacin Najeriya ya san illar dalma. A shekarar 2010, gubar dalma da ta fito daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba shi da illa. Tana lalata ƙwaƙwalwar yara, tana taɓa ƙoda, tana haddasa hawan jini ga manya, tana kuma cutar da abin da ke cikin mai juna biyu.

Saboda haka ake gina zauren harbi ta yadda iska za ta riƙa shigowa ta bayan mai harbi, ta wuce shi, ta nufi wajen allon saiti, a zuƙe ta a can a tace kafin a sake ta. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar iskar ta riƙa tafiyar ƙafa 75 a minti ɗaya a daidai wurin tsayuwar masu harbi, wato kimanin mita 23. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar kuma ta ƙayyade cewa dalmar da ma'aikaci zai shaƙa kada ta wuce maikirogiram 50 a kowace kubik mita ɗaya ta iska, a matsakaicin aikin sa'a takwas.

Lissafi kaɗan zai nuna girman aikin. Zauren da faɗinsa ya kai mita 10, tsayin rufinsa mita 2.5, yana bukatar a tura masa iskar da za ta cika ɗaki mai faɗin mita 10 da tsayin mita 2.5 da tsawon mita 23 a kowane minti ɗaya, muddin ana harbi. Wannan aikin manyan fankoki ne masu shan wutar lantarki sosai, da na'urorin tace iska waɗanda ake sauya musu kayan ciki a kai a kai. Kayan da aka cire kuma ba a jefa su a bola, domin sun cika da guba.

Bayan iska akwai bango. Ƙarshen zaure yana da matarar harsashi, ko dai ta faranti na ƙarfe mai kauri da aka karkata, ko tulin ɓarɓashin roba mai haɗiye harsashi. Tana lalacewa da yawan harbi, kuma sai an riƙa kwashe dalmar da ta taru a cikinta. Rufi da gefuna ma ana yi musu garkuwa domin kada harsashin da ya kauce ya fita waje ko ya dawo kan mai harbi. Ba a share irin wannan ɗaki da tsintsiya, domin shara a bushe tana tayar da ƙurar dalma. Ana amfani da injin zuƙa na musamman ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ma'aikata kuma a riƙa auna jininsu lokaci zuwa lokaci.

Sai ƙara. Harbin yawancin bindigogi yana wuce desibel 140, matakin da harbi ɗaya ma zai iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa, kuma bango yana maido da ƙarar ga mutanen da ke ciki. Sai albashin jami'in da ke lura da layuka, wanda ke da ikon tsayar da kowa a kowane lokaci, da kuɗin inshora, da ma'ajiyar makamai mai tsaro.

Duk waɗannan suna cikin dala 20 ɗin hayar layi. Mai zauren da ya ga dama zai iya karya farashinsa ta hanyar kashe fanka, ko jinkirta sauya kayan tace iska, ko rage ma'aikata, ba tare da abokin ciniki ya lura ba a ranar. Wani bincike da jaridar Seattle Times ta wallafa a 2014 ya bankaɗo yadda ma'aikata da masu zuwa harbi suka kamu da gubar dalma a zaurukan da suka yi sakaci a sassan Amurka. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan sana'a, arahar tana iya ƙarewa a gadon asibiti.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

A Najeriya, tambayar farko tun kafin a zo kan farashi ita ce izini. Dokar Makamai, wadda asalinta ya koma 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a ciki akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin yaƙi irin na sojoji, da ƙananan bindigogi na hannu. Kashi na biyu, wanda ya haɗa da wasu bindigogin farauta da bindigogin iska, lasisinsa yana hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake da hurumi a kansu.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka gabata. Mallakar haramtacciyar bindiga ba tare da lasisi ba tana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Wannan yana nufin ƙaramar bindigar hannu, wadda ita ce ginshiƙin kasuwancin zaurukan harbi a Amurka, ba abin da ɗan kasuwa zai jera a kanta ya bayar haya ba ne a Najeriya bisa ra'ayin kansa. A watan Agustan 2023, rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai, saboda yawaitarsu a hannun jama'a. Kafin nan, a watan Yunin 2022, lokacin da Gwamnatin Zamfara ta shawarci mazauna jihar su nemi lasisin bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Najeriya tana kuma cikin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, ta kuma kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwarsu a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya daban. Dokarta ta shekarar 2000 ta wajabta wa mai neman lasisi ya fara samun takardar shaidar ƙwarewa, bayan horo a wurin da hukuma ta tantance. Da wannan, wuraren koyon harbi suka zama wani ɓangare na tsarin sa ido a kan makamai, kuɗin da ake biyansu kuma ya zama kuɗin cika sharaɗin doka.

Lissafin a ƙasar Borno

Borno ta daɗe da sanin cewa bindiga ba ta da amfani sai da horo. A ƙarni na 16, Mai Idris Alooma ya kawo Turkawa masana harbi, aka horar da wasu daga cikin mayaƙansa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. A 1893 kuma, Rabeh ya ci daular Borno da rundunar da ba ta kai ta Shehu yawa ba, amma ta fi ta bindigogi da tarbiyyar yaƙi. Yerwa kanta an kafa ta ne a 1907, bayan wannan zamani ya wuce.

A yau harbin atisaye a Maiduguri aikin jami'an tsaro ne, a wuraren da hukumominsu suke kula da su. Birnin shi ne hedikwatar Runduna ta 7 ta Sojojin Ƙasa, wadda aka kafa a 2013, da kuma rundunar haɗin gwiwa ta Operation Hadin Kai. Rundunonin sojin Najeriya sukan yi gwajin harbi na lokaci zuwa lokaci a filayen sarari, kuma sukan sanar da mazauna yankin su nisanci wurin, kada kuma su firgita da jin ƙara.

Akwai dalilin da ya sa soja ya fi bukatar fili. Yawancin rufaffun zauruka tsawonsu bai wuce mita 25 ba, alhali ana koya wa soja harbi a nisan ɗaruruwan mita, cikin rana da ƙura da iska. Fili ba ya bukatar fanka ko na'urar tace iska. Tsadarsa tana wajen ƙasa, domin harsashin bindigar yaƙi yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu, saboda haka sai an keɓe wuri mai faɗi a bayan allon saiti inda babu gida, babu gona, babu burtalin shanu. A birnin da ke faɗaɗa, wanda kuma ya karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira, irin wannan fili yana ƙara wahalar samu. Fita nesa da gari kuma tana da nata haɗarin: a watan Agustan 2014 mayaƙan Boko Haram sun mamaye kwalejin horar da 'yan sandan kwantar da tarzoma da ke Limankara, kusa da Gwoza.

Rufaffen zaure yana magance matsalar fili da ta tsaro, amma yana jawo ta wutar lantarki. A watan Janairun 2021 an lalata turakun babban layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu, har sai da kamfanin mai na ƙasa ya gina tashar gaggawa mai ƙarfin megawat 50 da aka buɗe a watan Maris na 2023. Zauren da wutarsa ta ɗauke dole ya tsayar da harbi nan take ko ya tayar da janareto, kuma man dizal kuɗi ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafin garin yakan haura digiri 40, iskar da ake turawa cikin zaure kuma daga waje take zuwa. Lokacin hunturu kuwa ƙurar da ke cika sararin sama za ta toshe na'urorin tace iska da wuri. Kayan gyara daga ƙetare ake sayo su, kuma tun bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Ko da yake Hukumar Masana'antun Tsaro ta Najeriya, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, tana ƙera bindigogi da harsasai, ƙasar tana shigo da kayan yaƙi masu yawa daga waje.

Su wa suka fi bukatar horon?

A 2013 matasan Maiduguri suka tashi da sanduna da adduna suna farautar 'yan Boko Haram a unguwanni, abin da ya sa ake kiransu 'yan kato da gora. Da tafiya ta yi nisa, da yawa daga cikinsu, tare da mafarauta da 'yan banga, suka koma riƙe bindigogin farauta suna rakiyar sojoji da matafiya da manoma. Kisan gillar da aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020, inda aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya, ya nuna yadda noma kansa ya dogara ga masu gadi.

Waɗannan mutane suna aiki a cikin jama'a, a bakin kasuwa da shingen bincike da sansanin 'yan gudun hijira. Kuskuren hannu ɗaya a irin wannan wuri rai ne. Abin da horo yake saya musu ya wuce iya samun tsakiyar allo. Ya haɗa da ɗaukar kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, da kawar da bakinta daga duk abin da ba a nufin harbi, da cire yatsa daga kunama sai an yanke shawara, da sanin abin da ke bayan wanda aka saita. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai saba da waɗannan ƙa'idoji ba a lokacin natsuwa, ba zai tuna da su ba a lokacin firgici.

Mafi yawan wannan koyo ba ya bukatar harsashi mai rai. Ana yin atisayen riƙo da saiti da jan kunama da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta. Akwai na'urorin kwaikwayo masu amfani da hasken leza da allon kwamfuta, waɗanda ke da tsada wajen saye amma ba sa cin harsashi, ba sa tayar da ƙurar dalma, suna kuma iya gwada mutum a kan lokacin da ya kamata ya harba da lokacin da ya kamata ya dakata. Akwai kuma bindigar iska, wadda ake gasar Olamfik da ita a rufaffen zaure a nisan mita 10, da ƙwayar da faɗinta mita bai kai ba ko kusa, milimita 4.5 kacal. Da irinta Abhinav Bindra na Indiya ya ci zinare a Beijin a 2008. Ƙwayarta ta fi harsashi araha nesa ba kusa ba, ba ta da hayaƙin albarushi, ko da yake ita ma ta dalma ce kuma sai da tsafta, sannan a Najeriya tana bukatar lasisi.

Yadda ake gane ko kuɗi ya biya

Ko hukuma ce za ta gina zaure, ko wani ne zai shiga wanda doka ta amince da shi a gida ko a waje, ma'aunin ɗaya ne. A nemi jimillar kuɗi tun kafin a fara, har da harsashi da kayan kariya. A tambayi takardar izinin wurin. A duba ko hayaƙi yana tafiya gaba zuwa wajen allo ko yana tsayawa a kan masu harbi. A lura ko akwai jami'in da ke tsaye yana sa ido, ko ana yi wa sabon zuwa bayanin ƙa'idoji kafin a miƙa masa makami, ko akwai wurin wanke hannu, ko an hana ci da sha a ciki. A ga kuma ko ana rubuta kowace bindiga da kowane harsashi da ya fita daga ma'ajiya, domin a yankin da ke fama da rikici, harsashin da ya ɓace daga lissafi yana iya ƙarewa a hannun ɗan ta'adda.

Ga gwamnati, kuɗin gini shi ne ƙaramin ɓangare. Zauren da aka buɗe da biki amma ba a ware masa kuɗin wuta, da kayan tace iska, da albashin malamai, da gwajin jinin ma'aikata na kowace shekara ba, zai rufe ko ya ci gaba da aiki yana cutar da masu shigarsa. Lissafin da ya dace a yi shi ne na nawa aka kashe kafin mutum ɗaya ya cancanci riƙe makami a tsakiyar jama'a, da nawa za a riƙa kashewa kowace shekara domin a sake gwada shi.